Mazubin Ruwan Kaji: Wanda Hannunka Zai Shiga, Ƙafar Kaza Ba Za Ta Shiga Ba

Da wata tsohuwar roba mai faɗin baki na fara shayar da kajina. Kullum da sassafe in cika ta fal, in dire a tsakiyar akurki, in kama harkar gabana hankali kwance. Kafin rana ta take, ruwan ya zama wani abu dabam: ga ƙasa, ga ɓurɓushin abinci ya kwanta a gindi, ga gashi yana yawo a sama, ga kashin wadda ta hau gefen robar ta juya baya. Ina gani, amma na ɗauka haka kiwon kaji yake. Sai da 'yan tsakina 'yan wata guda suka fara takurewa a lungu, fuka-fuki a sake, suna kashi da jini, uku suka mutu cikin kwana biyu, sannan na nemo likitan dabbobi. Da ya shigo bai ko tambayi abincin da nake ba su ba. Durƙusawa ya yi, ya damƙi shimfiɗar da ke kewaye da robar, ya matse ta a tafin hannunsa, ta dunƙule sharkaf. Ya ce min daga nan ɓarnar ta taso.

Cutar ita ce koksidiyosis, wadda wata ƙaramar halitta mai suna Eimeria ke haddasawa a hanjin kaza. Ƙwanta yana fitowa ne a cikin kashi, kuma a lokacin da ya fito bai isa ya kama kowa ba. Sai ya sami laima da ɗumi da iska na kwana ɗaya zuwa biyu sannan ya nuna, ya zama mai cutarwa. Wato ni da hannuna, da wannan roba da ake tattakawa ana fantsalar da ruwanta, nake shirya masa wurin nuna kullum. Tun ranar na daina kallon mazubin ruwa a matsayin ƙaramin abu. Na gwada kusan kowane iri, kuma abin da zan faɗa maka a nan shi ne abin da hannuna ya taɓa.

Ka fara da sanin yawan ruwan da ake magana a kai. Kaza mai yin ƙwai tana cin abinci kamar giram 110 zuwa 120 a rana, ta sha ruwa kusan ninkin wannan, wato wajen rubu'in lita. Idan gari ya ɗauki zafi tana iya ninka shan nan, har ma ta wuce. Dalili kuwa shi ne kaza ba ta gumi. Zafin jikinta a kullum wajen digiri 41 yake a ma'aunin Selsiyus, kuma haki ne babbar hanyarta ta sauke zafi, kowane numfashi yana tafiya da ruwan jikinta. Ga shi kuma ƙwan da kake ɗauka, kashi biyu cikin uku na nauyinsa ruwa ne. Shi ya sa in kaza ta wuni ta kwana ba ruwa, ƙwai yakan ja baya, kuma ba washegari yake dawowa daidai ba.

Kajina goma sha biyu ne yanzu. A rana mai sauƙi suna shan lita 3 zuwa 4, a tsananin zafi lita 6 ko fiye. Don haka lita 10 ta ishe ni, kuma ban zuba ta wuri ɗaya ba, na raba biyu. Kada girman mazubi ya ruɗe ka. Na taɓa sayen wani ƙato mai cin lita 20, ina murnar zan huta da ɗiban ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ka ga ke nan kilo 20 nake kinkima in juya. Nauyin ya sa na riƙa ɗage wankinsa daga yau zuwa gobe, ina ƙara sabon ruwa a kan tsoho, har cikinsa ya yi yauƙi. Wanda ya isa kwana ɗaya da rabi, kuma za ka iya ɗauka da hannu ɗaya, ya fi maka wanda zai kai mako.

Buɗaɗɗen kwano ko roba ba sai na tsaya a kansa ba, ka ji labarinsa. Kaza ba ta barin tono, duk abin da ƙafarta ta watsa baya a ciki zai faɗa. Bakinta ma da abinci yake zuwa, ta wanke shi a ruwan. Ɓera na sha da dare, tsuntsayen waje na sauka da rana, kuma kashin tsuntsayen daji na daga cikin hanyoyin da murar tsuntsaye ke shiga gidan kaji. In ruwan ya daɗe a ajiye sauro ya yi ƙwai, cikin mako guda zuwa kwana goma ya tashi. Abu ɗaya ne nake yaba masa, shi ne sauƙin wanki, kuma saboda wannan zan sake ambatonsa can gaba.

Wanda aka fi gani shi ne mazubin kife: tulun roba da ake cikawa, a ɗaura masa faranti, a kifa shi, ruwa ya riƙa tsattsafowa cikin kwarin farantin. Yana da kyau ka fahimci yadda yake aiki, don a nan ne mutane ke shan wahalarsa. Ruwan yana fita ne ta wani ɗan rami a gindin tulun. Da zarar ruwan farantin ya taso ya rufe ramin, iska ba ta da hanyar shiga tulu, sai nauyin iskar waje ya riƙe sauran ruwan a ciki. Kaza ta sha, ruwa ya sauka, rami ya buɗe, iska ta shiga da ƙara ɓul-ɓul, wani ruwan ya fito. Ka ga duk aikin ya rataya ne a kan abu biyu: kada iska ta sami wata ƙofa, kuma mazubin ya zauna daram. In tulun ya yi tsaga ko da kamar silin gashi a sama, ko ka ajiye shi a karkace har bakin farantin ya yi ƙasa da ramin, ruwan duka zai tsiyaye sannu a hankali. Ka dawo ka tarar da tulu wayam, ƙasa jagab, kaji suna haki. Ya faru da ni sau biyu kafin in gane ƙasar wurin ce ba ta daidaita ba.

Saboda haka, kafin ka amince da irin wannan, ka cika shi, ka kifa a kan busasshen wuri mai daidaito, ka ba shi rabin sa'a ka gani. Ka duba faɗin kwarin farantin: ya isa baki ya shiga, amma bai isa ƙafa ta tsaya ba. Ka duba samansa kuma. In shimfiɗaɗɗe ne, kaza za ta mayar da shi wurin hutawa, kashinta ya gangaro kai tsaye cikin ruwa. Mai tsinin kai ko mai zagayayyen kai mai santsi ya fi. In wanda ka samu mai shimfiɗaɗɗen kai ne, ka rataye shi, ko ka kifa masa mazurari a sama.

Sai gwajin da na fi ba muhimmanci a kan komai: ka zura hannunka ciki. In tafin hannunka da soso ba za su kai gindin tulun da kowane lungu nasa ba, ka ajiye shi, komai kyansa. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan santsin da kake ji in ka shafa cikin mazubi, ƙwayoyin cuta ne suka yi wa kansu gida suka manne da bango, kuma ɗauraya ba ta fitar da su, sai an dirje. Mazubi mai ƙunƙuntar wuya, mai zane-zane da kwarmi a ciki, mai hannun da ruwa ke shiga cikinsa, duk wuraren ɓuya ne. Jarka ma haka take, shi ya sa ban yarda a mayar da ita mazubi ba sai an yanke samanta an yi mata faffaɗan murfi.

Wanda na tsaya a kansa a yau bokiti ne mai murfi da aka dasa wa 'yan kawunan sha, waɗanda masu kiwo ke kira niful, wato kan nono. Ɗan tsinke ne na ƙarfe a cikin gidan roba, kaza ta taɓa shi da baki, ɗigon ruwa ya fito, ta saki ya rufe. Ruwan yana rufe ruf, ba ƙura, ba kashi, ba ɓera. Iri biyu ne. Akwai wanda ake dasawa a gindin bokiti yana kallon ƙasa, wannan dole a rataye bokitin, kuma yakan ɗan yi ɗigo bayan an sha. Akwai na gefe, wanda ake dasawa a jikin bokiti, shi ne zaɓina, don ina iya dire bokitin a kan bulo ko a ƙasa lokacin cikawa ba tare da na lanƙwasa komai ba, kuma ɗigonsa kaɗan ne.

Ga yadda na haɗa nawa. Na sami bokiti mai kauri, mai duhun launi, mai cin lita 10. Na huda ramuka uku a kewayensa, kamar yatsa biyu sama da gindi, don laka da duk abin da ya kwanta ya tsaya ƙasa da bakin niful ɗin. Girman ramin kuwa ka bi abin da aka rubuta a jikin ledarsa, don in ya yi faɗi ko kaɗan, yoyo ba zai ƙare ba. Na naɗa wa zarensa farin tef ɗin nan na masu gyaran famfo, na murɗa a hankali har ya kama, ban matse da ƙarfi ba don kada robar ta tsage. Sannan na huda ɗan ƙaramin rami a murfi. Wannan ramin kada ka manta da shi. Mazubin kife ba ya son iska ta shiga, shi kuwa wannan in iska ba ta shiga ba, ruwa ba zai fito ba. Bokiti zai kasance cike, kaji kuma suna ta saran ƙarfe a banza. Ana lissafa kai ɗaya ga kaji takwas zuwa goma, amma ni ko kaji biyar gare ka ina ba ka shawarar ka sa biyu, don ranar da ɗaya ya toshe.

Koya musu ba wuya, sai dai yana son ka tsaya a wurin. Da sanyin safiya ka ɗauke tsohon mazubi, ka durƙusa ka riƙa taɓa tsinken da yatsa har ɗigo ya rataya yana ƙyalli. Akwai wadda za ta fara zuwa, kullum akwai mai karambani a cikinsu, sauran kuma su kwaikwaye ta. Nawa cikin sa'a guda tara suka gane. Ukun da suka rage, ciki har da wata tsohuwa, sai da na kama kowacce na taɓa bakinta da tsinken. Kada ka tafi sai ka ga kowace ta sha da idonka, kuma kada ka yi wannan sauyi a tsakiyar zafi.

A nan zan faɗi aibin niful, don ban ga amfanin ɓoye shi ba. Kaza ba ta zuƙar ruwa kamar tantabara. Cika baki take yi, ta ɗaga kai, ruwan ya gangara. Wadda take haki da buɗaɗɗen baki tana shan wuya wajen tara ɗigo ɗaya-ɗaya, sai ta sha ƙasa da bukatarta a daidai ranar da ta fi bukata. Don haka duk lokacin da zafi ya tsananta nakan fito da mazubin kife in ajiye a inuwa a matsayin ƙari, wani lokaci har da buɗaɗɗiyar roba da tsakar rana, in ɗauke ta in wanke da yamma. Haka nan in kana da agwagi a cikin kajin, niful kaɗai bai ishe su ba, su sai sun tsoma baki har hanci da ido sun wanke. Ka ba su nasu can nesa da akurki. A wuraren da sanyi ke kai ruwa ga daskarewa kuma, ɗan tsinken ne ke fara ƙanƙarewa tun ruwan bokiti bai yi ba.

Akwai kuma masu 'yan kofuna da ke cika kansu. Kaji na saurin sabawa da su don suna ganin ruwan, amma kofin yana tara ƙura da gari, sai ka bi su ɗaya-ɗaya da ɗan buroshi kullum. Na yi wata biyu da su na cire.

Batun abin da aka ƙera mazubin da shi gajere ne, amma a kiyaye. In roba ce, ka juya gindinta ka duba 'yar alamar nan mai kusurwa uku. Lamba 2 da lamba 5 su ne irin da aka saba yin kayan abinci da su. Bokitin da ya taɓa ɗaukar fenti, maganin ƙwari, maganin ciyawa ko man inji, ko ka wanke shi sau goma kada ya kusanci kajinka. Farar roba mai nuna ciki tana da daɗin duba yawan ruwa, sai dai haske na ratsa ta, kuma inda haske ya haɗu da ruwa gansakuka na tafe. Mai duhu ba ta yin kore da wuri, amma tana ɗaukar zafi in rana ta same ta, don haka inuwa wajibi ce gare ta. Na ƙarfe mai farin shafen zinki yana daɗewa, rana ba ta farfasa shi, ɓera ba ya cinsa. Sharaɗinsa shi ne kada ka zuba masa ruwan kal ko wani abu mai tsami, don tsami na cinye shafen, zinkin ya narke cikin ruwan da kaji ke sha. Da ka ga tsatsa ta fito a ciki, aikinsa ya ƙare.

Ko ka sayi mafi kyau, in ka ajiye shi ba daidai ba ka koma gidan jiya. Bakin farantin mazubin kife ya zo daidai da gadon bayan kaza in tana tsaye. A wannan tsayin tana sha ba wahala, tonon ƙafarta kuma bai kai ba. Niful na gefe ya zo daidai da kanta, na gindi kuma ya ɗan fi kanta, yadda za ta miƙa wuya ta sha ba tare da ta yi ɗage ba. In kajin ba tsayinsu ɗaya ba, ka auna da babba, ka ajiye wa ƙanana bulo su taka. Kada ya zauna ƙarƙashin sandar da suke kwana a kai, don da dare ne suka fi zubar da kashi. Kada ya manne da mazubin abinci, taku uku ko huɗu tsakani ya isa bakin ya kakkaɓe a hanya, amma kada ya yi nisan da za su yi ƙyuyar zuwa. Ni nakan ɗora nawa a kan ɗan katako mai ragar waya, da tsakuwa a ƙarƙashi, duk abin da ya ɗiga ya nutse can inda ƙafa ba ta kai. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, ban da koksidiyosis, ita ke tayar da warin nan mai yaji da ke shiga ido da hanci, ita ke kuma ɓata tafin ƙafarsu.

Abin da ya sa na raba ruwan wuri biyu, kaji suna da manya da ƙanana a tsakaninsu. Ina da wata ja da takan tsaya kusa da mazubi, duk ƙaramar da ta matso ta sare ta. Sai da na lura wata 'yar baƙa ba ta shan ruwa sai jar ta shiga yin ƙwai. Da na ajiye na biyu a bayan akurki, inda mai tsaye a na farko ba ta hango shi, maganar ta mutu.

'Yan tsaki nasu dabam ne. Ɗan tsako na iya nutsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba, in ma bai nutse ba, jiƙewa kaɗai na iya kashe shi da sanyi. Ka samo ƙaramin mazubin kife mai lita ɗaya, mai siririn kwari, ka jera tsabtatattun tsakuwoyi a cikin kwarin a makon farko, su sha ta tsakaninsu. Ranar da suka iso, ka ɗauki kowane ka tsoma ƙarshen bakinsa a ruwa kafin ka sake shi. Duk bayan 'yan kwanaki ka ƙara wa mazubin tsayi, don girmansu na da sauri.

Wanki kuwa, mazubin kife kullum ne: a zubar da na jiya, a dirje faranti da cikin tulu, a ɗauraye, a cika. Bokitin niful nakan sabunta ruwansa duk kwana biyu, in yi masa wankin sosai sau ɗaya a mako da sabulu da sosonsa na kansa, wanda ba ya taɓa komai sai shi. Bayan sabulu nakan jiƙa shi da ruwa mai ɗan bilic na minti goma, in ɗauraye har warin ya tafi, in kifa shi a rana ya bushe. Ka kiyaye, bilic da ruwan kal ba sa haɗuwa, haɗinsu na fitar da iska mai guba. Samun mazubi biyu na taimakawa a nan ma, ɗaya na aiki ɗaya na shan rana. Ranar rigakafin da ake bayarwa ta ruwa, irin su na cutar Gumboro da Lasota, wato rigakafin cutar Newcastle, sai an ƙara kula. Ƙwayoyin da ke cikin maganin rayayyu ne, kulorin, sinadarin nan da ake sa wa ruwan famfo, ko ragowar bilic da sabulu na kashe su. Ka yi amfani da mazubin roba da aka ɗauraye tas, da ruwan da ba kulorin, ka ɗan bar kajin da ƙishi na sa'a ɗaya ko biyu da safe, ka haɗa daidai abin da za su shanye cikin sa'a biyu. A irin wannan rana mazubin kife na fi so, don kowa ya sami wuri a lokaci guda.

Tunda bokitina mai duhu ne ba a ganin cikinsa, na yanka wata 'yar sanda na yi mata tsaga a kowace lita. Kullum da safe in buɗe murfi in tsoma ta. Na san yawan ruwan da ya kamata ya ragu a cikinsa kullum. Wata safiya na tarar ko lita ɗaya ba ta tafi ba, alhali kajin na ta kewaya bokitin. Na taɓa tsinken farko, ba ɗigo, na biyu ma haka. Da na duba murfi, ashe zanzaro ne ya liƙe ramin iskar da laka. Na soke shi da ƙusa, ruwa ya dawo, na tsaya har kowacce ta sha. Daga baya na ƙara rami na biyu a gefen bokitin, can sama dab da murfi, na rufe duka biyun da ɗan ƙyallen gidan sauro.